Tafiyar Abincin Maganin Tamowa: Daga Masana'anta Zuwa Hannun Uwa

Iyayenmu mata, ƴan uwa wakilan gari masu faɗakarwa, barkanku da zuwa, sannunku da hanya. Na san akwai wadda ta bar daka, akwai wanda ya bar gona, saboda haka ba zan tsare ku da dogon zance ba. Maganarmu ta yau a kan ƙunshin nan ce da ake ba yaro mai tamowa mai tsanani, wanda sunansa a takarda Plumpy'Nut, mu kuma a nan da yawa muke ce masa biskiti. Ina so mu duba inda yake fitowa, da hanyar da yake bi kafin ya iso hannunku, da dalilin da ya sa wata rana akan zo likita a tarar babu.

Bari in fara da abin da ya sa na zaɓi wannan magana. Wata damina ina rangadi, na isa wata likitar ƙauye ranar awo. Na tarar da wata uwa ta goyo ɗanta, ta taso tun asuba a ƙasa. An auna yaron, ma'aunin damtse ya nuna ja, ya cancanci magani. Amma mangaza babu ko ƙunshi ɗaya. Ta dube ni ta ce: "Ɗana, in koma in ce wa ubansa mi?" Ban sami abin ce mata ba. Da na koma na bincika, sai na gano cewa kayan suna nan jibge a babbar mangaza ta birni. Takardar neman kaya ce ta makara da ƴan kwanaki, kafin mota ta taso kuma ruwa ya yanke hanya. Tun daga ranar na yarda cewa lissafin kaya wani ɓangare ne na magani.

To, mene ne a cikin ƙunshin? Gujiya ce da aka niƙa, da garin madara, da sukari, da mai, da sinadarai masu gina jiki da kare shi. Kowane ƙunshi nauyinsa giram 92. Kwali ɗaya yana ɗauke da ƙunshi 150, kuma kusan kwali ɗaya ne yaro ɗaya yake buƙata don ya warke, cikin mako shida zuwa takwas. A ƙasar Faransa aka ƙirƙiro shi a shekarar 1996. A nan Nijar ya yi suna a lokacin matsalar abinci ta 2005, sa'ad da aka yi wa dubban yara magani da shi a jihar Maraɗi ba tare da an kwantar da mafi yawansu asibiti ba. A 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, cikinsu har da OMS da UNICEF, suka amince da wannan hanya ta yi wa yaro magani a gida, a hannun uwarsa. Ba a dafa shi, ba a dama shi da ruwa, kuma idan an adana shi da kyau yana kai shekara biyu bai lalace ba.

Yanzu mu bi sawun kwali ɗaya. Wani ana sarrafa shi a Yamai, a kamfanin STA, wanda ya fara wannan aiki tun 2005. Wani kuma daga ƙetare yake zuwa ta jirgin ruwa. Ko wanda ake yi a gida ma, wasu kayan haɗinsa daga waje ake shigo da su. Kun san ƙasarmu ba ta da teku. Da can mafi yawan kayanmu ta tashar Kwatano suke sauka, su shigo ta Gaya. Tun da aka rufe wannan iyaka a 2023, kaya da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya mai tsawo da jira. Daga Yamai sai babbar mota ta kama titi: Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni. Mai zuwa Tawa ya ratse arewa, mai zuwa gabas ya wuce Madawa ya isa Maraɗi, fiye da kilomita 600 daga Yamai. Mai zuwa Damagaram ya ƙara gaba ta Tasawa, tafiyar kusan kilomita 900. Daga mangazar jiha kwalin ya gangara zuwa ta gunduma, daga nan zuwa likitar CSI, inda ake ba ku rabon mako. A wannan zango na ƙarshe ne kwalta take ƙarewa, a shiga yashi da kwari, wani lokaci sai da babur ko amalanke.

Masu ɗaukar wannan kaya ba likitoci ba ne. Kamfanonin sufuri ne da ake ɗauka haya, da masu fitar da kaya daga tashar ruwa da kwastan, da masu tsaron mangaza, da direbobi, da ƴan dako. Aikinsu shi ne su kai kayan da aka nema, adadin da aka nema, wurin da aka ce, a ranar da aka sa, kuma lafiya lau. Kowace mota tana tafe da takardar rakiya wadda ta faɗi yawan kwalin da aka loda. Wanda ya karɓa sai ya ƙirga a gaban direba, ya duba ko akwai wanda ya jiƙe ko ya fashe, sannan ya sa hannu. Idan takarda ta ce 100 aka ƙirga 97, nan take ake rubutawa, domin bayan mota ta juya babu mai iya cewa ga inda ukun suka shiga. Sai dai ku riƙe wannan: direba ba ya sanin yawan yaran da ke ƙauyenku. Abin da aka rubuta masa shi yake ɗaukowa. Kaya daga sama suke saukowa, amma lissafi daga wurinku yake hawa.

Wannan lissafi ba baƙonku ba ne. Duk mai gidan da ya rufe rumbu bayan girbi ya san damin hatsi nawa ya zuba, ya san tiya nawa gidansa ke ci a rana, ya kuma san watan da rumbu zai nuna ƙasa. Ba ya jira sai ya share ƙasan rumbu kafin ya fara neman mafita. Haka majo yake yi da mangazarsa. Yana da katin kaya, inda yake rubuta abin da ya shigo, da abin da ya fita, da abin da ya rage. A ƙarshen wata ya ƙirga kwalayen da hannunsa, ya gwada da abin da katin ya faɗa. Idan suka saɓa, sai a nemi dalili.

Bari mu yi misali da ƙidaya mai sauƙi. A ce wata likita tana da yara 60 a kan magani, kowane yana karɓar ƙunshi 20 a mako. Ƙunshi 1,200 ke nan, wato kwali 8 kowane mako. A ce daga ranar da majo ya aika takarda zuwa ranar da mota za ta iso mako uku ne. A cikin wannan jira za a ci kwali 24. Ya ƙara ajiyar ko-ta-kwana ta mako biyu, kwali 16. Saboda haka duk ranar da ya ga saura kwali 40, dole takardarsa ta tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma ga inda wuyar take. Daga watan Yuni zuwa Satumba rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro da zawo sun yi yawa. A ce yaran nan 60 sun koma 90. Yanzu kwali 12 ake ci a mako, kuma kwali 40 ɗin nan da kyar za su wuce mako uku. Idan takarda ta makara da ƴan kwanaki, ko gulbi ya kawo ya hana mota ƙetarewa, shi ke nan an yanke. Shi ya sa ake ƙoƙarin tura kaya gaba tun cikin bazara, kafin ruwa ya sauka. Shi ya sa kuma majo yake buƙatar ya ji tun da wuri cewa yara suna ƙaruwa. Kuma ba wanda zai faɗa masa wannan sai ku wakilai.

Akwai kuma maganar adana kaya. Kwalaye ba a ajiye su a ƙasa kai tsaye, sai a kan katako, kuma a bar tsakani da bango saboda danshi da gara da ɓera. Ana son wuri mai inuwa da iska, domin zafi mai yawa yana rage masa kwana. Kowane kwali yana da ranar ƙarewar amfani a rubuce a jikinsa, kuma ƙa'ida ita ce wanda ranarsa ta fi kusa shi ake fara fitarwa, ko da shi ne ya zo daga baya. Tara kaya fiye da kima ma asara ce: su lalace a wata mangaza alhali wata likita tana nema.

Yanzu, iyayena mata, na zo kanku, kuma ina neman afuwa idan maganar ta yi ɗaci. Na san halin da ake ciki. Uwa tana da yara huɗu, ɗaya yana tsotsar abu mai daɗi, uku sun zuba mata ido. Ko kuma gida babu na cefane, mai tebur a kasuwa ya ce zai saya. Ba wanda ya san wannan zafi kamar ku. Amma mu koma ga lissafinmu. Idan a cikin iyaye 60 kowace ta fitar da ƙunshi uku kacal a mako, ƙunshi 180 ke nan, ya fi kwali guda. Maganin yaro ɗaya cur ya tafi a mako ɗaya. Shi kuma yaron da aka rage masa rabo ba zai ƙaru a ma'auni ba. Maimakon ya warke a mako shida, sai ya daɗe, ya ci rabon wanda ke bayansa, ko jikinsa ya tsananta har a kwantar da shi a CRENI. An auna adadin da ake ba ki ne daidai da nauyin ɗanki. Magani ne, kuma kyauta ne: ba a sayar miki da shi, ke ma kada ki sayar.

A gida, ki ajiye shi a inuwa, cikin kwano mai murfi, inda hannun yara da ɓera ba su kai. Ki wanke hannunki da na yaro da sabulu. Idan yana shan nono, ki fara ba shi nono, sannan ƙunshin, tare da ruwan sha mai tsabta, domin yana sa ƙishirwa. Kada ki ba jaririn da bai kai wata shida ba. Ƙunshin da ya huje ko ya tsiyaye, ki mayar da shi likita. Inda ake neman a dawo da fankon leda, ki tara ki dawo da su; ba rashin yarda ba ne, shaida ce da ke cika lissafi. Kada ki yi rajistar yaro ɗaya a likita biyu. Ki zo ranar da aka sa miki ko da kin ga ya fara murmurewa. Idan kuwa kika zo aka ce kaya sun yanke, kada ki yi fushi ki daina zuwa. Ki bari a auna yaron a duba shi, ki tambayi ranar da ake sa ran mota, ki ci gaba da nono da abincin gida gwargwadon hali. Idan ya ƙi cin abinci, ko yana amai, ko zazzaɓi ya yi zafi, ko kumburi ya ƙaru, kada ki jira mota, ki kai shi likita a ranar.

Ku kuma ƴan uwa wakilai, ku ne idon wannan aiki. Ku riƙa auna yara daga wata shida zuwa shekara biyar a kai a kai, ku koya wa iyaye mata su auna da kansu. Ja shi ne ƙasa da milimita 115, a tura shi likita ba jira. Haka ma yaron da ƙafafunsa biyu suka kumbura. Ku rubuta adadin gaskiya, kada ku ƙara don a kawo kaya da yawa, kada ku rage don gari ya yi suna. Ku kai rahoto ranar da aka sa. Ku bi sawun yaron da bai zo awo ba. Idan kun ga zawo ko ƙyanda sun shigo gari, ko baƙi sun sauka da iyalansu, ko gada ta karye, ku sanar da majo a ranar, ko ta waya ce. Idan mota ta iso, ku tsaya tare da kwamitin lafiya a ƙirga a gabanku. Idan kuma kun ga ƙunshin nan a tebur a kasuwa, kada ku tada faɗa. Ku kai maganar ga majo da maigari, a bi ta cikin mutunci.

Uwar da na ba ku labarinta ta dawo bayan mota ta iso, kuma ɗanta ya warke. Amma ba kowace uwa ce ke da ƙarfin dawowa sau biyu ba, ba kowane yaro ne kuma zai iya jira ba. Kwalin nan ya ratsa hannu da yawa kafin ya iso garinku, kuma hannu na ƙarshe naku ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu a ofis za mu tsare namu lissafin, masu mota su tsare hanya, ku kuma ku tsare mana ƙidayar gari da rabon yaro.

Allah Ya raya mana ƴaƴanmu, Ya ba mu damina mai albarka. Wadda take da tambaya, ga ni nan, ba zan tashi ba sai mun gama.