Tsakanin Marubuci da Edita

Marubucin da ya aika wa edita littafinsa amana ya ba shi, kuma mafi ƙarancin haƙƙinsa a ce masa littafin ya iso. Shirun wata shida zargi yake haifarwa: an karanta ne, an jefar, ko an sace labarin? Bayan gasar rubutu ta 1933 da ta fito da Ruwan Bagaja, ta wasiƙa edita Rupert East ya nuna wa marubucin littafin, Abubakar Imam, gyare-gyare, daga Zariya zuwa Katsina. Yau saƙon WhatsApp ɗaya ya wadatar.

Kai kuma malam marubuci, idan wani kamfanin ya karɓi littafinka, sanar da sauran kamfanonin da ka aika wa, kada wani edita ya kwana yana saka ƙugiya a aikin da ya riga ya fita hannunsa.