Rauni Marar Jini: Halin Da Tsofaffin Sojojinmu Ke Ciki Bayan Sun Ajiye Kaki

(Jawabin da aka gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara)



Kwamitin shirya taro ya umarce mu da mu yi tsokaci a kan wani al'amari da ya shafi jin daɗin al'umma. Mun zaɓi mu yi magana a kan 'ya'yanmu da ƙannenmu da suka yi aikin soja suka ajiye kaki, domin da wuya ka shiga unguwa a garinmu ba ka tarar da gidan da ake kira gidan Saje ko gidan Kofur ba.

Aikin soja ba baƙo ba ne a wurinmu. Iyayenmu sun bi Turawa zuwa Bama a cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka gwabza da Japanawa daga 1943 zuwa 1945. Yayyenmu sun yi Yaƙin Basasa daga 1967 har zuwa 15 ga Janairu, 1970, ranar da ta zama Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya. Tsararrakinmu da ƙannenmu sun sauka Monrobiya a ƙarƙashin ECOMOG a 1990, daga nan Saliyo, daga baya kuma Darfur. Tun daga 2009 kuwa fagen fama ya dawo cikin gida, 'ya'yan da muka koya wa a, ba, ca a firamare su ne suka ga abin da ya faru a Baga da Metele.

Wanda ya dawo da harsashi a cinya, kowa na zuwa yi masa sannu. Akwai kuwa wanda ya dawo da gaɓoɓinsa lafiya lau, amma matarsa ta san ba mutumin da ta yi wa rakiya ba ne ya dawo. Ba ya barci sai gyangyaɗi, in ya samu barcin ya farka a firgice jiki sharkaf da gumi. In yara suka fasa nakawut lokacin biki, ko 'yan bindiga suka saki harbi ranar hawan salla, sai ka gan shi kwance a ƙasa, ko ya tashi da faɗa. Ƙaurin babbaka ranar layya kan hana shi cin nama. A majalisa ba ya zama sai ya jingina da bango ya fuskanci ƙofa. Ƙaramin abu, kamar yaro ya zubar da ruwa, yakan sa ya yi dukan da shi kansa zai koma ɗaki ya yi kuka a kansa.

Me muke cewa game da irin wannan bawan Allah? Mukan ce zafin soja ne, ko girman kai, ko ya sha wani abu a barikin, ko kuma iska ta buge shi a dajin da ya je. Daga nan sai a fara janye jiki. A daina kiransa sasanta rigima, a daina ba shi auren 'ya, yara su laƙaba masa suna.

Likitocin ƙwaƙwalwa suna da suna ga wannan hali, wanda za mu iya kira da Hausa ciwon firgicin bayan tashin hankali. A 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da shi cikin jerin cututtuka, bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Bayaninsa bai da wuya. Allah ya halicci ɗan Adam da wani irin ƙararrawa a ƙwaƙwalwa, wadda in hatsari ya taso takan sa zuciya bugawa, jijiyoyi su ɗaure, mutum ya shirya gudu ko faɗa. Wannan ƙararrawa ita ta tsirar da soja a cikin rami. To, a wurin wasu, yaƙi kan ƙare amma ƙararrawar ta ƙi mutuwa, tamkar ɗalibin da aka ba aikin kaɗa ƙararrawar makaranta ya ci gaba da kaɗawa har bayan an tashi. Fushin da muke gani daga nan yake fitowa. Ba kowane soja ke kamuwa ba, ba kuma ragwanta ke jawo shi ba. Wani sai bayan shekaru, ya yi ritaya, hayaniyar bariki ta ɗauke, sannan abin ya taso masa.

Wanda ya fi ba mu tsoro ma shi ne mai shiru. Mai faɗa ana jin muryarsa. Amma akwai wanda ciwon damuwa ya danne, ya daina zuwa gona, ya daina fita jam'i, yana zargin kansa don me ya rayu abokinsa ya mutu a gefensa. In aka haɗa da jiran fansho da nauyin iyali, sai ya nemi barci a wurin giya ko taramol ko kodin. Duk ranar da kuka ji irin wannan mutum yana cewa gara ya huta, ko yana rarraba 'yan kayansa, kada a ɗauka magana ce kawai. A raba shi da makami da maganin ƙwari, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya a kan wani taimako da muka saba yi. Da zarar tsohon soja ya zo birni neman abin yi, abin da ke fara zuwa mana shi ne mu sama masa gadi, ko a gida mu naɗa shi shugaban 'yan banga. Ga mai lafiya babu laifi. Ga wanda ƙararrawarsa ba ta mutu ba kuwa, mun mayar da shi tsaron dare, ba barci, kunne a miƙe, ga makami a hannu. Da mun sama masa kiwo, ko noman rani, ko kula da sito da rana, da ya fi zama alheri gare shi da mu.

Ciwon yana da magani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, ga kuma sashen masu irin wannan lalura a asibitocin koyarwa. Ana zaunar da majiyyaci da ƙwararre a yi ta tattaunawa daki-daki har tunanin ya daina kama shi kamar yau abin ya faru. Akwai kuma ƙwayoyi, waɗanda sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, don haka kada a watsar da su bayan kwana uku a ce ba sa aiki. Addu'a da zuwa wurin likita ba kishiyoyi ba ne, muna roƙon malamanmu su riƙa faɗin haka a kan mumbari. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne mari da bulala a ɗakin duhu. A Janairun 2023 an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙin majiyyaci.

Ga matan waɗannan bayin Allah, iyayenmu da ƙannenmu, mun san ku ke ɗauke da mafi nauyin kayan. Kada a tashe shi daga barci da taɓawa, a kira sunansa daga nesa. Kada a matsa masa da tambayar mutum nawa ya kashe. In ya so magana a saurara. Amma haƙuri bai haɗa da zama ana dukanki da 'ya'yanki ba. In abin ya kai nan, a sanar da manya, mu kuma manya mu daina mayar da mace ɗaki da kalmar haƙuri kaɗai alhali ba mu kai mijin ga likita ba.

Roƙonmu ga kwamitin zartarwa shi ne kowane reshe ya tattaro sunayen tsofaffin sojojin garinmu da ke yankinsa, cikin sirri da mutunci, kafin taro mai zuwa. A ware wani kaso daga asusun jin daɗi don kuɗin mota da na magani, tunda yawanci abin da ke hana komawa asibiti ke nan. 'Ya'yanmu likitoci da nas-nas da ke cikin wannan zaure su ba da rana guda lokacin hutun salla su zauna da su. A kuma nemi biyu ko uku daga cikin dattawansu da suka samu sauƙi su jagoranci aikin, domin soja ya fi sakin jiki da wanda ya taɓa kwana a rami irin nasa.

 Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.