Taki Da Lafiyar Ciki

Yau zancenmu a kan taki ne.

Tun kaka da kakanni, manoman kewayen Kano sukan shigo gari da jakuna su sayar da itace, su koma da mangala cike da shara da toka da kashin dabbobi. Da wannan taki ne gonakinsu ke ba da gero da dawa kowace shekara ba hutu. Dabara ce mai kyau ƙwarai, kada a yar da ita.

Amma fa sharar yau ba irin ta dā ba ce. Dubi juji a Fagge ko Sabon Gari, za ka ga leda, da fasassun kwalabe, da matattun batura, har da kashin yara. Ƙwan macijin ciki yana cikin kashin nan. Ido ba ya ganinsa, yakan kuwa yi shekaru a ƙasa bai mutu ba. In an zuba ɗanyen taki a lambu, sai ƙwan ya manne wa latas da karas. Yaro ya ci, ciki ya kumbura, jiki ya rame.

Maganin abin, a bar taki ya ruɓe tukuna. Wani Bature, Albert Howard, ya gwada wannan hanya a garin Indore na ƙasar Indiya, ya bayyana ta cikin littafi a 1931. Haƙa rami mai zurfin ƙafa biyu, nesa da rijiya. Tsince leda da kwalba da batir. Shimfiɗa yankakken kara da ganye, sa kashin dabbobi, barbaɗa toka, yayyafa ruwa, sa'an nan ka sāke jerawa har ramin ya cika. Bayan kwana kaɗan soka sanda a ciki, za ka ji ta da zafi. Zafin nan shi ke kashe ƙwan tsutsa. Juya shi sau uku, don na gefe ma ya sha zafi. Cikin wata uku sai ya yi baƙi, ba wari. Kashin mutum kuwa, wurinsa masai.

Saura abu guda. Lambunan bakin Jakara ruwan kwatar gari suke sha. Saboda haka, uwargida, kayan lambun da aka sayo a wanke su sarai da ruwa mai tsabta, alayyafo kuwa a dafa shi ya nuna. Manomi kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci tuwo.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.