JAWABIN KWAMITIN ADANA TAKARDU: ƊAN LANƘWASA DA YA KUSA CINYE MANA FILI

 

Wannan kwamiti ya zo ne da bayanin wani tuntuɓe da muka yi, domin kada rassanmu na birane su maimaita shi. Kamar yadda kuka sani, mun kwashe takardun ƙungiya, da hotunan taruka, da shaidar filayen da iyayenmu suka bayar sadaka, muka ɗauki hotonsu muka zuba a kwamfuta. Muka kuma sa wata manhaja tana kwafe su zuwa faifan ajiya kowane mako. Hankalinmu kwance. Ranar da aka taso da gardama kan iyakar ɗaya daga cikin filayen nan, kwamfutar ta riga ta mutu. Muka buɗe faifan ajiya, sai ga komai yana nan in ban da jakar da muke nema. Allah ya taimaka, wani dattijo a gida ya adana takardar asali a adakarsa.

Da muka bi diddigi, sai muka tarar laifin na suna ne. An raɗa wa jakar "Filayen Ƙungiya, hanyar Mai'aduwa". Akwai ƙa mai lanƙwasa a ciki, akwai ɗan waƙafin sama na Mai'aduwa, ga kuma gurabe tsakanin kalmomi. Manhajar tsohuwa ce, kowane mako sai ta tsallake jakar, ta rubuta haka a rahotonta. Mu kuwa ba mu taɓa buɗe rahoton ba.

Haruffan ɓ, ɗ da ƙ sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, kuma kundin haruffan duniya na Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowannensu lambarsa. Saboda haka kwamfutar zamani ba ta ƙin su. Matsalar tana aukuwa ne a hanya: lokacin da aka dunƙule fayil da tsohuwar manhajar zip, ko aka ƙona shi a faifan sidi, ko aka bi da shi ta wani tsohon umarni. Nan ne ƙa kan rikiɗe ta zama alamar tambaya, ko a guntule mata lanƙwasar. Bahaushe ba ya bukatar a gaya masa abin da ke tsakanin ƙasa da kasa, ko baƙi da baki. In sunaye biyu suka koma iri ɗaya, na biyun yana iya danne na farko ba tare da sallama ba.

Ɗan waƙafin sama ya fi wayo. A harshen umarnin kwamfuta, alama ce ta buɗe zance, don haka in ta ci karo da 'yan ko Mai'aduwa sai ta tsaya jiran inda za a rufe. Sa'annan iri biyu ne, miƙaƙƙe da karkatacce, ido ba ya rarrabe su amma na'ura tana rarrabewa. 'Yan'uwanmu na tsallaken iyaka, a Jamhuriyar Nijar, ƴ suke rubutawa a inda muke sa 'y, ga shi kuwa muna musayar takardu da su. Kai, har sunan garin namu bai tsira ba, domin gurbin da ke tsakanin Babban da Mutum kan sa wani umarnin ya ɗauka abu biyu ake nufi, sai an kewaye sunan da alamar zance.

Akwai kuma alamomi 9 da Windows ta haramta a sunan fayil: \ / : * ? " < > |. Sakatarorinmu sun saba rubuta kwanan wata da sanda a tsakani. Google Drive zai karɓa, amma ranar sauko da shi sunan zai sauya.

Abin da muka yanke shi ne, daga yanzu sunan fayil ya zama da haruffan da ba su da lanƙwasa, da lambobi, da ɗan karan tsakiya kaɗai, shekara a gaba: 2024-03-12-filin-makaranta. Wasu malamanmu sun yi ƙorafi cewa wannan zubar da ƙa'idar rubutu ne, kuma mun ji nauyin maganarsu. Amsarmu ita ce, cikin takarda za a ci gaba da rubuta Hausa da cikakkun haruffanta, kuma mun buɗe rajista inda aka rubuta cikakken sunan kowane fayil kusa da gajerensa. Wanda ke saita manhajar ajiya a reshe ya zaɓi UTF-8 in an ba shi zaɓi, ya karanta rahoton abin da aka tsallake, kuma duk bayan wata uku ya maido da jaka guda a wata kwamfutar daban, ya ƙirga abin da ke ciki.

Muna roƙon sakatarorin rassa su aiko da nasu faya-fayan kafin Babbar Salla domin a gyara sunayen tare. Takardar filin kuwa mun mayar wa dattijon nan, ya ce adakarsa ba ta taɓa tsallake komai ba.