Waya na iya ganin ƙarancin jini, amma ba ta san dalilinsa ba

Ƴan uwa matasan Arlit da Akokan.

Tun da, ma'aikacin lafiya yakan ja fatar idonka ta ƙasa ya duba. In ta yi fari, sai ya ce jini ya ragu. Yau wannan dubawar ake koya wa wayar da ke aljihunku. A 2018 masu bincike a jami'ar Emory ta Amurka sun nuna cewa hoton farce na iya ƙiyasta hemogulobin, wato sinadarin da ke sa jini ja, yake kai iska ko'ina a jiki. A 2023 kuma, jami'ar Ghana da UCL ta Landan sun gwada hoton ido da leɓe a kan yara ƴan ƙasa da shekara 4 a asibitin Korle Bu na Akara. Ba allura, ba ɗigon jini.

Ku tuna tsakaninmu da Agadas kilomita wajen 240 ne, kuma kun san halin hanyar. Mai ciki da jininta ya faɗi ƙasa da giram 11, ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, gara a gane tun tana gida, kafin ranar haihuwa.

To amma mu yi hattara. Ƴan uwanmu mata na ƙunshi, lalle kuwa yana rufe launin farce. Hasken rana daban, na ɗaki daban, kyamarori ma ba ɗaya ba ne. Sannan ko waya ta ce jini ya yi ƙasa, ba ta ce me ya jawo ba. Rashin abinci mai gina jiki ne? Zazzaɓin sauro? Sikila? Ko wani abu dabam?

A garin da ake haƙar uraniyom tun 1971, inda Cominak ta rufe a 2021 ta bar mana tsibin sharar ma'adinai, wannan tambayar ba ƙarama ba ce. Amsarta tana ɗakin gwajin jini, kuma shekara da shekaru asibitocin kamfani muka dogara da su.

Don haka buƙatarmu uku: ɗakin gwaji mai kayan aiki a asibitin gwamnati, a riƙa ba kowa takardar sakamakonsa a hannu, kuma duk manhajar da za a kawo a fara gwada ta a kan mutanenmu, da yardarsu.

Kafin nan, ku raka iyayenmu da ƙannenmu awon ciki. Wadda ke fama da jiri da kasala, a kai ta a auna jininta, kada a tsaya ga hoto.