In Na'urar Gem Ta Mutu Bayan Garanti, Wa Zai Biya Kuɗin Gyara?

 

Na san a cikin dattawanmu akwai wanda ya ji batun laccar nan ya ce a ransa, yanzu har wasan yara ya kai a tara jama'a a kansa? Ina roƙonsa ya zaga Tunga ko Limawa ko Kpakungu a nan Minna bayan la'asar. Zai tarar da shago, talabijin uku ko huɗu jere a bango, samari cike da benci, janareto na ruri a bakin ƙofa. Mai shagon nan da kuɗin wasan yake cefane. PlayStation ɗin da ke kan kantarsa jari ce, kuma ranar da ta ƙi kamawa ciniki ya tsaya ke nan. To, a ranar, aljihun wa ya kamata a taɓa?

Amsar da aka saba ba mu ita ce a duba takardar garanti. Yawanci shekara ɗaya ce. In ta lalace a wata na goma sha ɗaya, kamfani ya ɗauka. In ta kai na goma sha uku, kai ka sani. Ni ban yarda da wannan hukunci ba. Ƙirgen watanni ba ya gaya mana komai game da laifi. Abin da ya kamata a tambaya shi ne, a hannun wa aibin ya samo asali? A masana'anta, ko wajen ɗan kasuwa, ko a wayar lantarki, ko a ɗakin mai ita? Wanda aibin ya fito daga hannunsa shi ne mai biya, ko da garanti ya ƙare.

Kamfanonin da kansu sun taɓa amincewa da haka, sai dai ba da son ransu ba. Microsoft ya fitar da Xbox 360 a watan Nuwamba na 2005. Ba a jima ba masu ita suka fara ganin jajayen fitilu uku sun kewaye maɓallin kunnawa, na'ura kuma ta mutu murus. Da farko kamfanin ya riƙa cewa ƙalilan ne abin ya shafa. Da ƙorafi ya yi yawa, a watan Yuli na 2007 ya ƙara garantin wannan matsala zuwa shekara 3, ya yi alkawarin mayar wa waɗanda suka riga suka biya gyara kuɗinsu, ya kuma ware tsakanin dala biliyan 1.05 da biliyan 1.15 domin aikin. Peter Moore ne ke jagorantar sashen Xbox a lokacin. A 2009 aka sake shigar da wata matsalar, mai lamba E74, cikin wannan ƙarin.

Mene ne ya kashe na'urorin? Masu gyara da ke cikinmu za su gane da sauri. Guntun da ke sarrafa hoto yana zaune ne a kan ɗigo-ɗigon dalma ƙanana ƙwarai. In an kunna ya yi zafi ya buɗe, in an kashe ya huce ya tsuke. Yau da gobe sai dalmar ta tsage, wuta ta daina wucewa. Ku lura da wannan: tsagewar ba ta bayyana a ranar sayayya, sai an yi watanni ana kunnawa ana kashewa. Wato aibi ne da aka fito da shi daga masana'anta, amma yana iya jira sai garanti ya ƙare ya nuna kansa. Ina adalci a ce mai saye ne zai biya?

Sony bai bi wannan hanya ba. Tsofaffin PlayStation 3, wadda ta fito a 2006, sun yi fama da rawayar fitila mai irin wannan sakamako. Shirin Watchdog na BBC ya ɗauko maganar a 2009, kamfanin ya musanta cewa akwai aibi na gama-gari, masu na'ura suka ci gaba da biya. Nintendo kuwa sai da aka matsa masa. Hannun wasan Switch, wato Joy-Con, yakan riƙa motsi shi kaɗai ba a taɓa shi ba. An kai ƙara a Amurka a 2019, shugaban kamfanin Shuntaro Furukawa ya ba da haƙuri a 2020, ƙungiyar masu saye ta Turai, BEUC, ta kai koke a 2021, sannan a 2023 kamfanin ya amince zai riƙa gyarawa kyauta a Turai ko da garanti ya wuce. A duk inda kamfani ya biya, za ku ga akwai mutanen da suka tattara ƙorafinsu wuri guda, wani lokaci kuma akwai hukumar da ta tsaya musu.

To, daga cikin biliyan ɗin nan na Microsoft, nawa ya iso Minna? Na'urorinmu yawanci 'yan Kwatano ne, ko waɗanda aka sauke a kasuwar Alaba ta Legas bayan wani ya gama morarsu a Ingila ko Amurka. Garantin kamfani yana bin yankin da aka fara sayar da kaya da kuma rasit na farko, mu kuwa ba mu da ko ɗaya. Kafin na'ura ta iso Obasanjo Complex ta bi hannu uku ko huɗu. Abin da ya rage mana shi ne garantin baki: "Oga, ka gwada a nan, in ka fita ba ruwana."

A nan ne nake so in daɗe, domin nan ne cutar da ta fi kusa da mu take. Na'urar da dalmarta ta tsage, in aka hura mata iska mai zafi sai ta farfaɗo. Za ta kama, ta nuna hoto tas, a buga wasa biyu a gaban mai saye. Bayan mako uku ko wata biyu ta koma gidan jiya. Wanda ya hura mata zafin ya san haka sarai. In ya sayar bai faɗa ba, ya ɓoye aibi, kuma malamanmu na Malikiyya sun gama magana a kan wannan tun kafin a san lantarki. Duk wanda ya karanta babin ciniki a littafin Risala ya san cewa ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma mai saye in ya gano aibin da ya riga ciniki yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar a ba shi kuɗinsa. In kuwa an nuna masa aibin ya ce ya ji ya gani, shi ke nan, ya ɗauka. Malaman sun rarrabe tsohon aibi da wanda ya faru a hannun mai saye, kuma in an yi gardama masana kayan ake kira su duba. Wannan ma'auni ya fi takardar garanti hankali, don yana neman tushen lalacewa.

Dokar ƙasa ma ba ta bar mu haka ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da bai kai ingancin da ya kamata ba cikin wata 3 da karɓarsa, a gyara, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗi. Rubutun da ake yi a ƙasan rasit cewa kayan da aka saya ba a mayarwa bai fi ƙarfin doka ba. Amma dokar tana bukatar shaida, mu kuwa mukan ƙirga dubbai mu miƙa, mu fito ba ko takarda.

Kada masu gidajen gem su ɗauka na zo wanke su ne. Ku je shagon mai gyara a ƙarshen hunturu ku ga an buɗe PS4 da ta yi shekara a shago. Ƙura ta yi dabe a kan ƙarfen da ke fitar da zafi, har sai an ɓamɓare ta da burushi. Man da ke tsakanin guntu da ƙarfen ya bushe ya zama gari. A cikin akwatin wuta kuma, sau da yawa, gawar kyankyasai ce, sun shiga neman ɗumi sun haɗa waya. Fanka ta yi watanni tana ihu, mai shago yana ƙara sautin talabijin don kada ta dame shi. An cusa ta cikin kwaba ba iska, tana aiki tun hantsi har tsakar dare a zafin Maris. Wannan ba laifin Sony ba ne, ba kuma na ɗan kasuwa ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Haka wanda ya jona tsohuwar na'urar Amurka mai cin wuta 120 kai tsaye a namu soket mai 230, ya ji ƙauri.

Hannun wasa kuma maganarsa daban. In ɗan wasanka ya fara gudu shi kaɗai zuwa gefen fili bayan an yi shekara yara ɗari suna murza sandar, ai cinyewa ce, kuɗin canza ta yana cikin kuɗin wasan da ka karɓa. In kuwa sabo ne fil ya fara haka cikin makonni, a mayar.

Sai wuta. Jiharmu ce ke da madatsun wutar lantarki na Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, amma duk wanda ke wannan zaure ya san yadda wuta kan dawo da ƙarfi ta ƙona abin da ta tarar a jone. In unguwa guda ta wayi gari talabijin da firji da na'urar gem sun ƙone a dare ɗaya, aibin a waya yake, kuma kamfanin rarraba wuta ne ya kamata ya amsa. Akwai hanyar kai koke a rubuce, daga ofishin kamfanin zuwa hukumar da ke sa ido a kansa. Mutum ɗaya in ya je, zai gaji ya bari. Gida talatin da sa hannu da hotuna, dole a saurare su. Janaretonka kuwa naka ne. In ka juya layi na'ura na kunne ba sitabilaiza, kai za ka biya.

Manyan kamfanonin fa, da suke cin kasuwarmu ta bayan gida? Ba na tsammanin za su buɗe ofishin gyara a Chanchaga. Abin da za mu nema a wurinsu shi ne su sayar da kayan gyara na asali, su saki bayanan aiki, su daina ɗaure sassa da makullin da ke hana mai gyara canza su. A 2018 hukumar ciniki ta Amurka ta gargaɗi Sony da Microsoft da Nintendo kan sharaɗin da ke soke garanti don kawai an ɓalle tambari ko an sa kayan wani kamfani. Hukumarmu ma tana da bakin magana, in mun ba ta abin faɗa.

Ga roƙona. 'Yan kasuwa, ku rubuta rasit da lambar na'ura, ku faɗa in an taɓa buɗe ta, ku ba da ko wata ɗaya a rubuce. Masu gyara, in hura zafi kuka yi, ku ce hura zafi ne, kada ku karɓi kuɗin gyaran dindindin. Ku kuma zaɓi mutum biyu ko uku a cikinku da kowa ya yarda da amanarsu, waɗanda za a riƙa kai wa na'ura in an yi gardama su faɗi inda aibin ya fito. Ɗalibanmu na injiniya a harabar jami'a ta Bosso da ta Gidan Kwano, ku zauna da masu gyaran nan ku buɗe kundi: wace na'ura, wace matsala, bayan wata nawa. Da irin wannan kundi aka tilasta wa Nintendo, kuma da shi za mu iya tunkarar FCCPC. Masu saye kuma, daga yau kada wanda ya sake barin shago da na'ura ba rasit a aljihunsa.