Ɗalibin da Ke Riƙe da Kundin Wasa



An umarce ni in yi magana a kan wasan kwaikwayo a makarantunmu, kuma na san da yawanku kun zaci a kan 'yan wasa zan yi ta, wato yaran da suke fitowa su ɗaura rawani su ba mu dariya. Ina neman izini in bar su su huta yau, domin tafin da ake yi masu ya ishe su. Maganata a kan yaro ɗaya ce, ko yarinya ɗaya, wanda 'yan kallo ba sa ganinsa daga farkon wasa har ƙarshe, alhali kuwa idan babu shi wasan ba ya tafiya. Shi ne mai kula da dandamali, wanda ɗalibai suke taƙaitawa su ce manaja.

Wasan kwaikwayo ya daɗe da zama ɗan gida a makarantun ƙasar Hausa. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake rubuta wasanni, shi ne kuma ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Wasannin Abubakar Tunau da na Shu'aibu Maƙarfi a aji aka yi ta karanta su, a ɗakin taro aka yi ta nuna su. A Damagaram ma Yazi Dogo malamin makaranta ne. Sai dai tare da wannan gado mun gaji wata al'ada mai wahalarwa, wato malami ɗaya ya ɗauki komai a kansa. Shi ne mai ba da umarni, shi ne mai aro tabarma da buta, shi ne mai neman janareto, ranar wasa kuma za ka gan shi yana gudu tsakanin labule da lasifika, gumi ya jiƙa masa babbar riga. Bayan shekara biyu ko uku ya gaji ya ajiye, ƙungiyar wasan ta mutu tare da gajiyarsa. Rabin wannan kaya na ɗalibi ne, kuma ɗalibi ɗan shekara goma sha biyar yana iya ɗauka idan an nuna masa hanya.

Abu na farko da za a danƙa wa mai fara wannan aiki shi ne kundi da fensir. A ɗauki rubutaccen wasan a manna kowane shafi a gefe ɗaya na babban littafi, a bar shafin da ke fuskantarsa fari. A wannan farin shafi ne yaron zai riƙa rubuta duk abin da mai ba da umarni ya yanke a wurin gwaji: ta ina maigida ya shigo, a kan wace kalma ya zauna, yaushe uwargida ta ɗauki ƙwarya, ina ta ajiye ta. Da fensir ake rubutawa, domin abin da aka yanke ran Litinin ana iya rushe shi ran Laraba. Idan gardama ta tashi bayan mako uku, wannan ya ce nan aka ce in tsaya, wancan ya ce a'a can ne, ba a tsayawa ja-in-ja. Sai a buɗe kundi. Ma'aunin kyawun kundi kuwa guda ne: idan zazzaɓi ya kwantar da mai shi ranar wasa, wani ya iya ɗauka ya tafiyar da wasan ba tare da ya tambayi kowa ba. Saboda haka rubutun ya zama mai karantuwa, gajerun alamomin da aka yi amfani da su kuma a fassara su a shafin farko.

A nan akwai wani ɗan ruɗani da ke kama masu farawa. A al'adar dandamalin Turai, idan an ce dama ko hagu, ana nufin damar ɗan wasa ne yana fuskantar 'yan kallo, wadda ita ce hagun malamin da ke zaune yana kallonsa. Ni dai shawarata ita ce mu yi amfani da abin da muka saba. Bahaushe da gabas da yamma yake kwatance, kuma duk yaron da ke salla ya san inda gabas take a ɗakin taron makarantarsu. A rubuta "ya shigo ta ƙofar kudu", magana ta ƙare.

Kafin a fara gwajin tsayuwa, mai kula da dandamali ya ɗauki tef ɗin awo ya auna ainihin dandamalin da za a yi wasa a kai, sa'an nan ya zana wannan girman da alli a ƙasan ajin da ake gwaji, da inda ƙofofi suke da inda kujeru za su zauna. Yaran da suka yi wata biyu suna gwaji a fili mai faɗin taku ashirin, idan aka ɗora su kan dandamali mai taku goma ranar jajibiri, karo za su yi ta yi da juna. Shi ne kuma mai riƙe da rajista da agogo. Gwajinmu yawanci tsakanin La'asar da Magariba yake, lokaci ne ƙanƙane, kuma akwai 'yan jeka-ka-dawo, musamman mata, da iyaye suka ba mu amanarsu a kan za su koma gida da sauran haske. Idan ya ce saura minti goma a tashi, ya kamata malami ya ji, ko da fitowar ta fara daɗi. Bayan kowane gwaji ya rubuta rahoto na rabin shafi: wa ya zo, wa bai zo ba, minti nawa kowace fitowa ta ci, me aka ce a nemo. Rahoton abin da ya faru ne kawai, ba wurin zargi ko tsegumi ba ne, kuma yaron da ya koyi raba waɗannan biyu ya koyi abin da wasu manyan ma'aikata ba su iya ba.

Bari in ɗan tsaya a kan kayan aro, domin a nan ne mutuncin makaranta yake zubewa ba a lura ba. Alkyabbar da sarkin wasa ya yafa ta kakan wani ce, tasoshin da aka jera a ɗakin amarya na mahaifiyar wata ne. Duk abin da ya shigo a rubuta sunan mai shi da halin da ya zo a ciki. A bayan dandamali a ajiye tebur a shimfiɗa masa takarda, a ɗora kowane abu a zagaye shi da biro a rubuta sunansa a cikin zagayen. Da kallo ɗaya za a gane abin da ya ɓace. Doka ce ɗan wasa ya ɗauki kayansa daga nan ya mayar nan, kuma wanda ba nasa ba kada ya taɓa. Wuƙa mai kaifi ba ta hawa dandamali, a sassaƙa ta itace a shafa mata fenti. Haka ma wuta mai ci: fitilar ƙwai a cire mata lagwani a sa ƙaramar tocila a ciki, domin labule da zannuwa da yara ɗari uku a ɗaki mai ƙofa biyu ba abin gwada sa'a ba ne. Ƙofofin nan biyu kuwa, mai kula da dandamali ya tabbata da idonsa ba a kulle suke ba, ba a kuma tare su da benci ba, kafin a bar kowa ya shiga.

Yanzu sai ainihin sana'ar, wato ba da ishara. Duk wani sauyi a cikin wasa, kunna fitila ko kashewa, sakin sauti, jan labule, buga ƙofa daga waje, ana ba shi lamba a kundi, a ja layi daga ainihin kalmar da zai faru a kanta zuwa gefen shafi. Idan daga baya aka ƙara wani tsakanin na 12 da na 13, sai a kira shi 12A, kada a sake lambobin duka a rikita kowa. Kowace ishara kashi biyu ce. Kamar rabin minti kafin lokacin, manaja ya ce, "Wuta ta bakwai, shirya." Mai fitila ya amsa, "Na shirya." Idan kalmar ta zo sai ya ce, "Wuta ta bakwai, yi." Kalmar aikatawa ita ce ta ƙarshe koyaushe, kuma ba a furta ta a wata magana dabam muddin ana cikin wasa, don kada hannun wani ya motsa a banza. A gidajen wasa na Ingila akwai 'yan fitilu na wannan aiki, ja na nufin shirya, kore na nufin yi. Mu da ba mu da su, hannu ya wadatar: a ɗaga shi ne shirya, a sauke shi ne yi. Abin da ke da wuya shi ne kunne. Idan 'yan kallo suka fashe da dariya, ko ɗan wasa ya tsallake layi uku, dole mai kundi ya san inda aka faɗa, ya jira ko ya hanzarta. Haka kuma idan ɗan wasa ya yi shiru, sai wanda ya halarci kowane gwaji ne zai bambance shirun da aka tsara da shirun mantuwa, ya jefa masa kalmomin farko na layinsa da murya bayyananniya sau ɗaya.

Kada wani ya ce wannan tsari sai masu kayan zamani. Gidan wasan da aka gina a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a tsakiyar shekarun 1970, wanda Ba'amurke Steven Ehrlich ya zana, da ƙasa aka gina shi, zagayayyun ɗakuna kewaye da fili kamar tsakar gidan Bahaushe, kuma ɗalibai masu yawa a nan suka koyi sana'ar. Inda babu labulen ɓuya ma aikin ya fi buƙatar tsari, domin duk motsin da aka yi a idon jama'a ake yinsa.

To, malamai, ga inda maganar ta dawo kanmu. Duk abin da na lissafa ba zai yi amfani ba idan muka ba yaro kundi muka hana shi iko. A al'adar wannan sana'a, daga ranar da aka fara nuna wasa aikin mai ba da umarni ya ƙare, ragama ta koma hannun mai kula da dandamali. Na san abu ne mai nauyi a wurinmu. Yaro ɗan aji huɗu zai ce wa shugaban ɗalibai ya yi shiru, yarinya za ta ce wa samari biyar su ɗauke tebur yanzu. Ba za su ji ba sai idan malami ya tara su tun ranar farko ya faɗa a gaban kowa cewa a bayan dandamali maganar wannan maganata ce. Bayan nan kada ya ƙaryata kansa. Idan yaron ya yi kuskure, a gyara masa a keɓe bayan an tashi. Ranar wasa kuma malami ya nemi kujera cikin 'yan kallo ya zauna, a bar wani babba guda kusa da ƙofar baya saboda lalura ko rauni, ba don ya karɓe aikin ba. Shi ma yaron a koya masa cewa ikon nan na aro ne: ba tsawa, ba zagi, "don Allah" da "na gode" su zama a bakinsa ko da ana cikin gaggawa.

Wajen zaɓe kuma kada mu ba da aikin a matsayin ladar rarrashi ga wanda ya nemi fitowa bai samu ba. A duba wadda littafinta na aji yake a tsare, wanda yake zuwa kafin a kaɗa ƙararrawa, wanda idan abu ya rikice muryarsa ba ta tashi. Zai fi kyau ya fara a matsayin mataimaki, ya riƙe teburin kaya a wasa ɗaya, kafin a ba shi kundi a wasa na gaba.

Ranar wasa yana da kiraye-kirayensa. A Ingila kiran da suke cewa na rabin awa minti 35 kafin buɗe labule ake yinsa, domin minti biyar na ƙarshe na masu fitowar farko ne su tsaya a wurarensu. Mu ma mu ɗauki wannan. Ya kuma zama an yanke tun da wuri abin da za a yi idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar fitowa: wa zai ta da janareto, tocila nawa ke hannu da sababbin batura, 'yan wasa su daskare a inda suke ko su fita, daga wane layi za a ci gaba. Kalmomin da zai faɗa wa jama'a idan dole ta sa a dakatar da wasa, a rubuce suke a bangon kundi, don kada ya tsaya neman magana cikin ruɗu.

Iyaye, na san wasunku kuna tambaya ina amfanin wannan ga yaron da jarrabawa ke gabansa. Tambaya ce mai kyau, kuma haƙƙinku ne ku ga jadawalin gwaji a rubuce kafin ku yarda. Wanda ya so ya bi sana'ar, akwai sassan koyon wasan kwaikwayo a jami'o'in Zariya da Jos da Bayero ta Kano, akwai kuma makarantar koyon fim ta ƙasa a Jos. Masu shirya fim a Kano ma suna buƙatar mai lura da cewa hular da jarumi ya sa jiya ita ce a kansa yau. Wanda bai bi ba, ya riga ya iya riƙe rajista, da rubuta rahoto, da tafiyar da mutane talatin a kan lokaci.

Roƙona biyu ne ga shugabannin makarantu da ke nan. A buga sunan mai kula da dandamali a takardar shirin biki, a kuma ba shi takardar shaida ranar raba kyaututtuka kamar yadda ake ba gwarzon ɗan wasa. Sa'an nan a bar masa yini ɗaya bayan wasa, shi da mataimakansa, su wanke abin wankewa, su bi jerin kayan aro gida-gida su mayar, mai kaya ya sa hannu, a kai kundin ɗakin karatu a ajiye domin wanda zai gaje shi baɗi.